Makin da Na Manta a Ɗan Akwati

Ranar Talatar da ta wuce wani sabon likita, Dakta Nasiru, ya shigo laburaren asibitinmu a Birnin Kudu da kwamfuta a hammata. An ba shi aikin tattaro duk binciken da aka taɓa yi a kan masu sikila idan suna da juna biyu. Na jawo masa kujera na ce ya zauna mu tsara yadda za a nema. Ya yi murmushi irin na wanda ake nuna wa hanyar gidansu, ya ce, "Baba Ilu, kar ka wahalar da kanka. Ai danna-danna ne. Kafin a kira azahar na gama."

Danna-danna! Shekara ashirin da ɗoriya ina wannan aiki, idanuna sun ci tabarau uku, sai ga wanda ko tawadar takardar shaidarsa ba ta gama bushewa ba yana gaya mini sunan sana'ata. Na haɗiye abin da ya taso mini, na bar shi ya koma kusurwa ya buɗe kwamfutarsa. Amma da yake ba shi kaɗai ne mai wannan ra'ayi ba, ku sababbin likitoci da ɗalibai duk haka kuke gani, bari in faɗa muku abin da ke cikin danna-dannar nan.

Likitoci suna ce wa aikin sistamatik ribiyu. Ma'anarsa a tsaye ita ce a ɗauki tambaya guda, a nemo duk abin da masu bincike suka taɓa bugawa a kanta a duniya, wanda ya yi maka daɗi da wanda bai yi ba, a auna, sannan a faɗi inda gaskiya ta karkata. Auna takardu aikin likita ne. Nemo su aikina ne. Akwai manyan rumbunan bayanai a intanet inda ake ajiye sunayen maƙalu da tsakurensu, kuma kowane rumbu da halinsa. Sai ka zauna ka jero duk sunayen da ake kiran cutar da su, na da da na yanzu, ka ɗaure wasu da "ko" domin komar ta yi faɗi, ka ɗaure wasu da "da" domin ta tsuke. Ka faɗaɗa da yawa, shara ta binne ka. Ka tsuke da yawa, takardar da ta fi kowace muhimmanci ta zille ba ka sani ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne, kwamfuta ba ta taɓa ce maka ka yi kuskure. Ko shirme ka rubuta, za ta ba ka amsa da fara'a.

Aikin farko da na taɓa yi a kan tsargiya ne, a ƙarƙashin Hajiya Talatu, wadda ta riƙe laburaren nan kafin ni. Lokacin ba mu da intanet. Faya-fayan sidi ake aiko mana daga Kano, ga kuma waɗansu manyan kundaye na jerin maƙalu da kowanne ya kai nauyin bulo. Na yi kwana uku na kawo mata jerin takarduna ina taƙama. Ko kallon jerin ba ta yi ba. Ta ce, "Iliya, ina littafin?" Na ce wane littafi? Ta ce, "Wanda ka rubuta rumbun da ka shiga, da ranar, da kalmomin da ka sa, da adadin da ya fito. In ba shi, ta yaya wani zai bi sawunka ya ga ko ka yi ƙarya?" Ta yaga jerin a gabana, ta miƙo mini sabon littafi mai baƙin bango. Har yau irinsa nake saye, sun cika kwaba guda.

Wata ƙa'idarta da na daɗe ina gani kamar neman wahala ce ita ce sake awo. Duk binciken da ka gama, kafin ka sa hannu sai ka tashi daga kwamfutarka ka koma wata daban, ka sake zuba kalmomin daga littafi, ka ga ko adadin zai zo daidai. Takan ce, "Mai hatsi in yana da gaskiya ba ya tsoron mudun maƙwabcinsa."

Masu zuwa wurina kuwa iri-iri ne. Akwai wanda yake zuwa ranar Alhamis da yamma da aikin wata uku, ya ce ranar Litinin zai miƙa. Akwai mai cewa, "Malam, guda goma kawai nake so, masu kyau," kamar tumatir ya zo saye. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne mai zuwa da amsarsa a aljihu, yana so in nemo masa takardun da za su yi mata shaida. Na taɓa ce wa wani babban likita, "Ranka ya daɗe, in shaidu kake nema ka tafi bakin kotu." Wata biyu bai amsa gaisuwata ba.

To sai aka shiga muguwar shekara. Yawancin manyan mujallun likitanci a kulle suke, sai da izinin da asibiti yake sabuntawa duk shekara. Takardar sabuntawar ta kwanta a teburin wani har wa'adi ya wuce, muka wayi gari kalmar sirrinmu ba ta buɗe komai. Na rubuta wasiƙa, na sake rubutawa, na taka da ƙafata, kullum amsar ɗaya ce, ana kan duba lamarin. Babban rumbun da kowa ke shiga kyauta ne, yana nuna maka sunan maƙala da tsakurenta, amma in ka danna don ka karanta cikakkiya sai a ce ka biya. Kullum ana tsaye a kaina. "Baba Ilu, me amfanin ka ba ni abin da ba ya buɗuwa?"

A gefen hagu na allon rumbun akwai wani ɗan akwati. In ka sa masa maki, sai ya ɓoye duk takardun da ke kulle, ya bar maka na kyauta kaɗai. Wata ungozoma ta zo tana neman abin da za ta karanta don lacca, tana sauri, na sa makin na sallame ta cikin minti goma tana ta godiya. Washegari ma haka na yi wa wani. Ga irin wannan ƙaramin nema ba laifi ba ne. Sai dai makin nan ba ya fita da kansa. Yana nan zaune har sai ka cire shi da hannunka. Akwai ɗan siririn rubutu a sama da ke tunasar da kai, amma ido in ya saba da abu ya daina ganinsa.

Ana cikin haka wata likitarmu, Dakta Binta, ta zo da aikin baƙin dutse. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Gwaram ya san shi, ni kaina a Maruta aka haife ni, na gan shi a aljihun manoma tun ina ƙarami. Ɗan baƙin abu ne mara nauyi, in maciji ya sari mutum sai a tsaga wurin a manna shi, ya kama, a zauna a jira sai ya faɗi da kansa, wai ya gama tsotse dafin. Wani kwamitin lafiya yana so ya raba shi a ɗakunan shan magani na Sara da Maruta da sauran ƙauyuka kafin kaka, lokacin da kububuwa ta fi sarar masu cirar gyaɗa da masu ɗaurin dawa. Amma an ce sai an ga abin da bincike ya nuna. Maganar ke nan a taƙaice, in aka kawo wanda maciji ya sara, a manna masa dutse a jira, ko a ɗora shi a babur zuwa inda allurar dafi take. Kububuwa kuwa ba ta da wasa. Dafinta yana hana jini daskarewa, mutum yana zaune yana hira jini ya fara fito masa ta dasashi.

Dakta Binta ba ta cikin masu raina aiki. Ta zauna da ni kwana huɗu muna jera kalmomi. Ban taɓa gina nema mai kyau kamar wannan ba, har na ji ina so Hajiya Talatu, wadda ta riga ta yi ritaya ta koma Kano, ta gani. Na zuba shi a babban rumbu, takardu suka fito, na rubuta adadin a littafi. Na ɗan ji sun yi kaɗan, amma na ce ai batun ne ba a yi rubutu da yawa a kansa ba. Rumbun da ake biya a rufe yake, na shiga ɗaya na mujallun Afirka na ƙara abin da na samu. Ɗaya kwamfutar laburaren ta mutu tun damina, saboda haka ban sake awo ba. Na ce in an gyara zan yi.

Ita da wani abokin aikinta suka tace takardun, kowa shi kaɗai, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Abin da ya rage a hannunsu yawanci labarai ne na an manna wa wane ya warke, wasu kuma daga irin mujallun nan da in ka biya ko wasiƙar gaisuwa ka aika za su buga. Ba wai duk takardar kyauta banza ba ce, akwai nagari sosai a cikinsu. Amma in ka rufe rabin kasuwa, ba ka da bakin faɗin farashi. Ta rubuta wa kwamiti cewa hujjar ba ta da ƙarfi, amma ba ta ga abin da ya nuna illa ba. Shugaban kwamitin, wani Alhaji Lawan, ya karanta rabin jimlar da ya yi masa daɗi. Aka sayo duwatsu kwali guda, aka sa ranar horar da ma'aikatan lafiya a Gwaram.

Da safiyar ranar horon, Dakta Binta ta bar mini kwamfutarta don in rubuta mata sashen da ke bayanin yadda aka yi neman, ita kuma ta wuce Gwaram. Da na ga kwamfuta ta biyu a gabana sai na tuna bashin awo da ke kaina. Na buɗe littafi na kwafe kalmomin ɗaya bayan ɗaya, na danna. Adadin da ya fito ya ninka nawa har da ɗori. Na ce na yi kuskuren kwafa, na sake. Haka dai. Na juya na dubi tawa kwamfutar, gefen hagu. Makin yana nan zaune abinsa tun ranar ungozoma.

Na karanta tsakuren waɗanda aka ɓoye, ina gani ina salati. A cikinsu ne waɗanda suka gwada dutsen a tsanake suke, kuma ba su ga ya tsotse komai ba. Wasu suna maganar ɓata lokacin da ake yi ana jiran ya faɗi.

Zan faɗa muku gaskiya, Shaiɗan ya zauna kusa da ni a kujerar nan. Ba wanda ya sani. Danna ɗaya in cire makin, in gyara adadin da ke littafi, in an tashi kama wani Dakta Binta za a kama, ita ta sa hannu. Ni sunana ma ba ya cikin rahoton, mai laburare ba a sa shi. Abin da ya hana ni, na san mutanen da za a manna wa dutsen nan. Da su na yi kiwo.

Na rufe laburare, na ɗauki littafin da kwamfutar Dakta Binta, na tafi tasha. Ranar kasuwar Gwaram ce, bas ɗin ya cika da buhuna da wata akuya da ta yi ta taka mini ƙafa har muka isa. Na yi ta kiran Dakta Binta, ta kashe waya saboda taro. Daga tasha na hau ɗan acaɓa zuwa zauren da ake horon. Ina shiga na tarar an riga an buɗe kwalin, ana bin layi ana miƙa wa kowa duwatsu a ƴar leda.

Na durƙusa kusa da Dakta Binta na nuna mata littafin da allon, adadin littafi da adadin yau. Ta daɗe tana kallo. Ta ce a hankali, "Baba Ilu, garin yaya?" Na ce, "Ni ne, Dakta. Na bar maki a akwatin na kyauta." Ta rufe ido, ta buɗe, ta tashi ta je ta yi wa Alhaji Lawan raɗa.

Shi kuwa bai yi raɗa ba. Ya yi mini kallon hadarin kaji, ya ɗaga murya yadda na bayan zaure zai ji. "Wane ne wannan? Mai gadin littattafai ne zai zo ya tsayar mana da taro? An kashe kuɗi, an tara mutane daga ƙauyuka, saboda ka danna wani abu ba daidai ba? To ka koma ka danna daidai, mu mu ci gaba."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne, ban zo in kare kaina ba. Amma rahoton da aka gina taron nan a kansa rabin shaidu kawai aka saurara, kuma ni na kulle sauran a waje. In aka raba dutsen nan yau, da hannuna aka raba shi."

Ya wanke ni soso da sabulu a gaban mutum fiye da talatin. Na tsaya na sha. Abin da ya fi ci mini rai ba zagin ba ne, domin na cancanci rabinsa. A cikin duk faɗan nan ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa laburaren asibiti guda ya shekara ba ya iya buɗe mujalla.

Can sai wani dattijo mai kula da ɗakin shan magani na Sara, Malam Hudu, ya ɗaga hannu da ledarsa a ciki. Ya ce, "Ni ban san akwati ba, ban san maki ba. Likita, abu ɗaya nake so in ji. Gobe in aka kawo mini mutum kububuwa ta sare shi, in manna ko in ɗora shi a babur?"

Dakta Binta ta ce, "Malam Hudu, ka ɗora shi a babur. Kar ka tsaga, kar ka ɗaure, kar ka jira komai. Ku mayar da duwatsun cikin kwali har sai mun gama aikinmu."

Wata uku muka yi muna gama shi. Takardun da ke kulle sai da muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta wa marubutansu ina roƙo, wasu suka aiko, wasu ko amsa babu. Na je Kano na durƙusa gaban Hajiya Talatu na faɗa mata abin da na yi. Ta ce, "Ka sake awo?" Na ce sai daga baya. Ta ɗauki waya ta kira tsofaffin ɗalibanta da ke laburaren jami'o'i, suka samo mana saura. Sabon rahoto ya fito, ya ce ba hujjar da ta nuna dutsen yana aiki, kuma jiran da ake yi dominsa haɗari ne. Ni kuma aka ba ni takardar tuhuma, aka saka a fayil ɗina. Tana nan har yau. Wanda ya kwantar da takardar sabunta izini a teburinsa kuwa, a shekarar aka ƙara masa girma.

Bayan kaka ina zaune ina manna lamba a bayan littattafai, sai ga Malam Hudu ya yi sallama, tare da wani magidanci mai dogara sanda, ƙafarsa naɗe da bandeji. An sallame shi daga ɗakin maza a ranar. Kububuwa ce ta sare shi yana cirar gyaɗa a bayan Sara. Malam Hudu ya nuna ni ya ce masa, "Ga mutumin da ya hana ni manna maka dutse. Har zagina ka yi a kan babur, ka tuna?"

Mutumin ya yi dariyar kunya. Ya dube ni, ya dubi kwamfuta da kantocin littattafai, ya ce, "Malam, kai ma likita ne?"

Na ce a'a.

"To mene ne aikinka a nan?"

Na ce, "Ina duba wani ɗan akwati ne."

Ya gyaɗa kai kamar ya gane, ya sa hannu a aljihu ya ciro nasa baƙin dutsen, wanda ya gada wurin mahaifinsa, ya ajiye a teburina. Ya ce, "To riƙe wannan, ni na gama da shi." Yana nan kusa da kwamfutata, da shi nake danne takardu in fanka tana kaɗawa.

Ranar Talatar nan, ana saura kwata a kira azahar, Dakta Nasiru ya miƙe ya yi miƙa, ya juyo da allonsa wajena. "Baba, ka gani? Na gama. Ba su ma da yawa, kuma duk suna buɗuwa."

Duk suna buɗuwa. Na gyara tabarau na leƙa gefen hagu. Shi ma ya sa makin a ɗan akwatin.

Na ɗauki dutsen na sa masa a tafin hannu, na ciro sabon littafi mai baƙin bango daga kwaba na ajiye a gabansa. Na ce, "Je ka yi salla ka dawo, Dakta. Matan nan masu sikila da za a yi wa magani da abin da ka rubuta, ba su san ka bar rabin takardunsu a waje ba."